Bosuwajar Alhaji a tafin hannu: zare kan motar roba da tarihin da na tono a cikinta

1/ Tun da na ɗora hoton 'yar motar nan ta roba shekaranjiya ake ta tambayata. Wasu na cewa nawa na saya, wasu na cewa ƙato da ni ina wasan yara 😅 Ba a haɗe na saye ta ba, ni na harhaɗa ta da hannuna, sati bakwai ina fama. A garin haka na tono tarihin da ban taɓa sani ba. Zaren da tsayi, ku gyara zama 🧵

2/ Asalin abin hoto ne. A ɗakin kakana, Alhaji, akwai wani tsohon hoto baƙi da fari. Shi ne a tsaye da ƙuruciyarsa, ya jingina da Volkswagen Bitil, wadda mutanen da ke ce wa bosuwaja. Yana hedimasta ya saye ta, ta hannu, a 1969, da bashin mota. Lokacin fam da sule ake kashewa, naira ba ta zo ba sai 1973. Motar ƙirar 1966 ce.

3/ Yanzu idon Alhaji ya yi yana, hoton ma ba ya ganinsa. Mantuwa kuma ta fara kama shi, wani lokacin sai ya kira ni da sunan babana. Amma ka ambaci motar nan, sai ka ga tsoho ya gyara zama, labari na fitowa tiryan-tiryan. Shi ne na ce bari in yi masa abin da zai iya shafawa da hannu tun ana tare.

4/ Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a waje ya taho min da kwalin a hutu. Na kamfanin Tamiya ne na Japan, Bitil 1300 ta 1966, ma'aunin 1/24. Ma'anarsa kowane abu an rage shi sau 24. Tsakanin tayar gaba da ta baya a motar gaske milimita 2,400 ne. Raba da 24, ka samu santimita 10. Na ɗauko rula na auna, wallahi 10 cif. A nan na fara girmama mutanen nan.

5/ Me ya sa 24, ba 20 ko 30 ba? Daga awon Turawan Ingila ne: rabin inci a madadin ƙafa ɗaya. Ƙafa inci 12 ce, rabin inci sau 24 ke nan. Amurkawa da yawa kuma 1/25 suke yi, jiragen sama 1/72, tankokin yaƙi 1/35. Duk wanda ya shiga harkar da waɗannan lambobin yake magana.

6/ Da na buɗe kwalin gabana ya faɗi. Ba mota a ciki. Gangar jiki ɗaya ce fanko, sauran duk ƙananan guntaye ne manne a jikin wasu rassan roba, kowanne da lambarsa. Ga gilasai daban, ga tayoyi, ga takardar zane mai nuna wanne ke bin wanne. Wani guntun bai kai ƙwayar shinkafa ba. Babu fenti, babu gam, kai za ka nemo.

7/ Kayan aikina: abin yanke farce na ƙanwata, reza, matsefata, tsinken sakace, samfefa mai laushi daga wurin masu fentin mota, burushin zane biyu, da tiren shayi na Hajiya da na mayar teburin aiki. Har yau ba ta yafe min tiren ba.

8/ Kafin mu ci gaba, wa ya fara wannan dabarar ta sayar wa mutum mota a wargaje? Ingila aka fara. A 1936 wani kamfani mai tambarin FROG ya fito da ƙananan jiragen sama na roba da mai saye zai haɗa da kansa, ana ce musu Penguin, ma'aunin 1/72. Kafin nan katako ake fafewa. Sai dai robar wancan lokacin tana lanƙwashewa idan ta daɗe.

9/ Bayan yaƙin duniya na biyu aka koma wata roba mai suna polistirin, wadda Jamusawa suka fara yi da yawa tun shekarun 1930. Ana narka ta, a tura ta da ƙarfi cikin ƙarfen zubi mai baki biyu, ta huce, a buɗe, kaya ya faɗo. Rassan nan da na ce, hanyoyin da narkakkiyar robar ta bi ne ta isa kowane guntu. Irin wannan injin ne ke fitar da buta da bokiti a Sharaɗa.

10/ Airfix, wanda yau sunansa ya zama kamar sunan harkar a Ingila, mataji yake yi kafin ya shiga harkar. Wani ɗan Hangari, Nicholas Kove, ya kafa shi a 1939. A 1949 aka ba su aikin yin 'yar tarakta samfurin Ferguson don talla. Haɗawar na cin kuɗi, sai suka fara sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa abinsa. Ragin kuɗi suka nema, sana'a ta fito.

11/ A Amurka kuma Revell ya fito da jerin tsofaffin motoci a 1951. AMT suna yi wa dillalan motoci ƙananan samfura na talla, daga 1958 suka riƙa sayar da su a kwali, duk shekara da sababbin ƙirar shekarar. Yaron da ubansa ya sayi sabuwar Ford, shi ma sai ya sayi tasa ƙarama ya haɗa.

12/ Na Japan ya fi burge ni. Tamiya wurin yankan katako ne, Yoshio Tamiya ya buɗe shi a 1946 a Shizuoka, garin da aka sani da kafintoci. Suna yin ƙananan jiragen ruwa na katako, sai na roba daga Amurka suka shigo suka kashe musu kasuwa. Dole suka koma roba. Na farkonsu a 1960, jirgin yaƙi Yamato, bai yi kasuwa ba. Tankar Panther da ta biyo baya ita ta tashe su.

13/ Ɗansa Shunsaku ya ɗauki matakin da ya canza komai: ya ce su daina dogaro da wasu, su koyi yanka ƙarfen zubinsu da kansu. Mutumin nan don su yi samfurin Porsche 934 da ya fito a 1976, sai da ya sayi Porsche 911 ta gaske aka wargaza ta aka auna kowane ƙarfe. Ku riƙe maganar ƙarfen zubin nan, za mu dawo kanta.

14/ To, aiki. Takardar ta ce a fara da inji. Na yanke guntayen, na kankare bakinsu da reza, na shafa gam. Gam ɗin wannan harka ba manne abu yake ba irin na takarda, narka fuskar robar yake, ɓangarorin biyu su zama ɗaya. Ɗigo kaɗan ya isa. Ka cika shi, ka ga hoton yatsanka ya fito raɗau a jikin inji. Kar ku tambaye ni yadda aka yi na sani.

15/ Ina haɗawa ina neman lagireto, babu. Na je na tambayi Alhaji. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan nema, ita ba ta shan ruwa. Iska take sha." Injin a baya yake, silinda huɗu a kwance, biyu na kallon biyu, fanka na hura musu iska. Ya ce a hanyar Zariya sai ka ga manyan motoci sun tsaya suna tafasa, shi ya wuce abinsa. Abu ɗaya ne dokarsa: kar fanbel ya tsinke. Kullum da sabo a motar.

16/ Wa ya zana wannan injin? A nan tarihin ya yi duhu. A 1934 gwamnatin Hitler ta ba Ferdinand Porsche kwangilar "motar jama'a", abin da kalmar Volkswagen ke nufi ke nan. Sharaɗi: ta ɗauki manya biyu da yara uku, ta yi gudun kilomita 100 a awa, kuɗinta kada ya kai maki 1,000. Aka tsayar da shi 990.

17/ Kuma ba daga kan Porsche kaɗai siffar ta fito ba. Injiniyoyi irin su Béla Barényi, da Josef Ganz wanda Bayahude ne har ya gudu daga Jamus, da Hans Ledwinka na kamfanin Tatra a Chekoslobakiya, duk sun yi aiki a kan irin wannan tsari. Tatra ta kai ƙara, mamayar da Jamus ta yi wa ƙasarsu ta tsayar da shari'ar. Sai a shekarun 1960 aka biya diyya.

18/ 26 ga Mayu 1938 Hitler ya aza harsashin masana'antar. Aka ce wa talakawa su shiga wani irin adashi: maki 5 duk sati, ana manna maka tambari a kati, in ka cika ka karɓi mota. Sama da mutum 300,000 suka zuba. Yaƙi ya ɓarke a 1939, aka juya masana'antar tana yi wa soja motoci. Masu adashi ba wanda ya ga ko taya.

19/ Bayan yaƙi suka yi ta shari'a, sai 1961 aka sasanta: ko ragin da bai wuce maki 600 ba a kan sabuwar mota, ko tsabar kuɗi da ba su wuce maki 100 ba. Mafi muni kuma, kimanin mutum 20,000 aka sa aikin tilas a masana'antar lokacin yaƙin, fursunonin yaƙi da waɗanda aka kwaso daga ƙasashensu da na sansanonin gwale-gwale. Kamfanin da kansa ya amsa wannan daga baya.

20/ Na zauna da 'yar motar a hannu ina tunani. Motar da kakana ke kai yara asibiti da ita, motar da duk duniya ke gani kamar tana murmushi, ga inda ta fito. Na faɗa wa Alhaji. Ya yi shiru, can ya ce shi dai abin da aka faɗa musu, motar Jamus ce mai ƙarko. Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

21/ Yadda ta tsira ma abin mamaki ne. 1945, bama-bamai sun lalata masana'antar, yankin ya faɗa hannun sojan Ingila. Wani manjo ɗan shekara 29, Ivan Hirst, ya samo guda ɗaya, aka yi mata fentin soja, ya nuna wa manyansa. Suna ƙarancin motoci, suka yi odar 20,000. A shekarar ne garin ya samu sunan da aka san shi da shi yau, Wolfsburg.

22/ Aka yi wa manyan masu ƙera motoci na Ingila tayi, da kamfanin Ford, suka duba suka ce ba su so. Janairun 1948 aka damƙa ragamar ga wani Bajamushe, Heinrich Nordhoff. A 1949 guda biyu kacal aka sayar a Amurka. Zuwa Agustan 1955 an ƙera ta miliyan ɗaya. Abin da aka raina ke nan.

23/ Dabarar Nordhoff: kar a canza siffa, a yi ta gyara ciki. Shi ya sa mai ido ke gane shekarar Bitil daga ƙananan abubuwa. Gilashin baya a rabe biyu? Kafin Maris 1953 ce. Mai siffar ƙwai? 1953 zuwa 1957. Babba mai faɗi? Daga nan zuwa sama. Tsofaffin ma ba su da sigina mai ƙiftawa, wani ɗan hannu ne ke fitowa daga gefe, kuma ba agogon mai sai a farkon shekarun 1960.

24/ Da wannan na tabbatar da shekarar ta Alhaji. A hoton, fitilun gaba a kishingiɗe suke cikin gilashi, wilinta na da huji-huji, murfin wilin a baje. Alamun 1966 ke nan, shekarar da aka sa mata injin 1300 har aka rubuta lambar a murfin baya. Batirinta mai bolt 6 ne, a ƙarƙashin kujerar baya. Alhaji ya ce fitilarta da dare kamar aci-bal-bal, da sanyin safiya kuma sai ɗalibai sun tura.

25/ Sai rigimar launi. Hoto baƙi da fari ba ya faɗar launi. Alhaji ya rantse shuɗiya ce mai haske. Hajiya ta ce, "Rabu da shi maigida, ruwan madara ce, ni da aka ɗauko ni a ciki daga asibiti." Kwana uku ana wannan. Na kira babban kawuna a waya, ya ce duk gaskiyarsu: shuɗiya aka saye ta, bayan wata akuya ta jawo ta daki bishiya aka sake mata fenti.

26/ Darasin da malamanmu ke nanatawa kan tarihin baka ke nan, sai ga shi a tsakar gidanmu. Shaidu biyu sun saɓa, ba wanda ya yi ƙarya, kowa zamanin da ya riƙe daban. Na zaɓi shuɗin, tunda hoton na ranar da aka saye ta ne. Hajiya ta ce dama ta san bakinmu ɗaya.

27/ Fenti shi ya fi ba ni wuya. Na wanke gangar jikin da sabulu don maiƙon zubi ya fita, na yi shimfiɗar farko mai ruwan toka, sannan shuɗin, feshi sama-sama sau uku, ana bari ya bushe tsakani. Ranar farko na yi a waje cikin hunturu. Kafin ya sha iska ƙura ta zauna masa kamar an barbaɗa gero. Na goge da samfefa na sake. Daga baya banɗaki nake shiga, in yayyafa ruwa a ƙasa, in gama in kife roba a kai.

28/ Kuskure na biyu: na manna gilashin gaba da sufa gulu. Da safe ya yi fari fat kamar hazo, tururin gam ɗin ne ke yin haka. Kwana biyu ina goge shi da man goge baki da tsumma kafin ya dawo. Gilashi farin gam na katako ake sa masa, shi yana bushewa garau. Wanda zai gwada ya riƙe wannan.

29/ Ƙananan ƙarin da na yi: wayoyin filogi daga siririyar wayar tsohon abin sauraren kunne. Bakin robar gilasai da alƙalami baƙi mai siririn baki. Na tsinka baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa na zuba a layin ƙofofi don su fito. Ƙasan motar da bayan tayoyi na shafa musu jar ƙasa da na daka na tankaɗe. Motar da ta yi yawo a hanyoyin 1969 ba za ta yi ƙyallin shago ba.

30/ Na gama, na kai masa ranar Juma'a bayan sallah. Ya karɓa da hannu biyu yana shafawa. Ya bi rufin, ya bi madigadi, ya ce, "Ita ce." Ya taɓa gaba ya ce nan tankin mai yake, sai an ɗaga bonet ake zubawa, nan safaya take. Ya ce bayan kujerar baya akwai wani rami, nan babana ke kwanciya in za a je ƙauye. Ni ban taɓa jin wannan ba.

31/ Sai ya zura ɗan yatsa ta taga, ya tsaya. "Kai, wa ya mayar min da sitiyari hagu?" Na ce Alhaji ai haka yake. Ya ce, "A taka dai. Tawa a dama yake." Na ɗauko hoton na ƙura ido. Ga sitiyari nan a dama, ana hango shi ta gilashi. Sati bakwai ina kallon hoton nan ban gani ba. Mai yana a ido ya gano da yatsa ɗaya.

32/ Dalili: Najeriya a hannun hagu ake tuƙi a da, irin na Ingila, don haka motocin da ake kawo mana sitiyarinsu a dama yake. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, aka koma hannun dama, don mu yi daidai da maƙwabta, Nijar da Chadi da Kamaru da Dahomey. Gana ta biyo baya a 1974. Alhaji ya ce ranar kowa tafiyar hawainiya ya riƙa yi, 'yan sanda da 'yan sikawut a kowace mararraba.

33/ Na koma na ɓalle jikin daga ƙasan a hankali, raina na tsinkewa. Na yanke dashbod da reza, na musanya gurbin agogo da na akwatin ajiya, na cike tsagar, na goge, na sake fenti, na mayar da sitiyari da fedoji dama. In ka haska fitila za ka ga tabon. Kwana tara ya ƙara min. Madubin gefe ma ya karye a hannun Alhaji, na yi wani da guntun reshen roba.

34/ Saura maganar ƙarfen zubi da na ce ku riƙe. Ina cikin yankan nan wani abu ya faɗo min: abin da nake yi a kan tire, shi ƙasarmu ta yi a kan babban sikeli. A 1975 aka fara haɗa Volkswagen a Ojo ta Legas, a shekarar kuma aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Lokacin kuɗin Udoji ya shigo aljihun ma'aikata, mota ta zama abin da malamin makaranta zai iya saya sabuwa.

35/ Ba su kaɗai ba. Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu. Amma yawancin kayan a akwatuna suke zuwa daga waje, a wargaje, mu ɗaure. Kwali ne babba da takardar bayani. Da naira ta faɗi bayan tsarin SAP na 1986, akwatunan suka yi tsada, 'yan Kwatano suka cika kasuwa. Masana'antun suka yi ta tangal-tangal. A Legas har yau akwai tashar bas da ake kira Volks.

36/ Ku kwatanta da Barazil. Su ma da akwatuna suka fara haɗa Bitil a 1953. Amma a 1956 gwamnatin Kubitschek ta kafa doka: cikin 'yan shekaru, kashi 90 ko fiye na nauyin mota ya zama a ƙasar aka yi shi. Zuwa 1973 sun fito da tasu ƙirar, Brasília. Ita ce aka riƙa kawo mana muna haɗawa a Legas da sunan Igala. Wanda muka fara sana'a iri ɗaya da shi ya koma yana aiko mana da kwali. Mu kuwa Ajakuta da za ta ba mu ƙarfe, tun 1979 ake gini.

37/ Ita Bitil ta ci gaba da tafiyarta. 17 ga Fabrairu 1972 ta kai guda 15,007,034, ta wuce tarihin Ford Model T. Golf ta zo a 1974 ta karɓi gurbinta, Jamus ta daina yin mai rufin a Janairun 1978. Ta ƙarshe ta fito daga Puebla ta Meziko ranar 30 ga Yuli 2003, lamba ta 21,529,464. Da yawanmu a nan lokacin muna goye ko ba a haife mu ba.

38/ Masu cewa wasan yara ne, ban musa ba. Amma ku tuna motar kara da muka yi da ɓargon dawa, da ta gwangwanin madara mai tayar silifa, da ta waya mai dogon sitiyari. Ba kwali, ba takarda, da ido muke aunawa. A Shizuoka irin wannan hannun ne aka ba shi injin yanka ƙarfe, yau Tamiya da Hasegawa da Aoshima duk a can suke, duniya na saye. Mu namu da ya kai aji uku ake ce masa ya girma, ya bari.

39/ Ta Alhaji ta gaske fa? Ya sayar da ita a 1977 ya sayi Peugeot 504 haɗin Kaduna, wadda ya ce ta fi ta komai amma bai taɓa sonta kamar waccan ba. 'Yar robar tana kan rediyonsa yanzu, sitiyari a dama. Jiya na shiga na tarar yana ba ƙannena labarin akuyar nan, suna ta dariya. Ya kira ni da sunana.

40/ Roƙona: wanda ke da tsoho a gida, ya ɗauko tsohon hoto ya zauna da shi yau, ya kunna rikoda a waya. Ku tambayi launi, ku tambayi farashi, ku tambayi wa ke zama a ina. Wanda kuma ke da hoton motar gidansu ta da, Bitil ko 404 ko Igala, ya ajiye min a ƙasa in gani. Hajiya ta ce saura mai ruwan madara, kuma wai da sabon tire zan biya. Nan na tsaya, mu kwana lafiya 🙏